Gurgun Doki

Angona marar kunya,

Ina gaishe ka, kai da tsofaffin darar ces ɗin da kake tarawa har suka hana ka aure. Darar kakanka, Allah ya jiƙansa, wadda ka ɗauka wai masani zai duba shekarunta, ta dawo. Na ƙirga 'ya'yan, talatin da biyu cif. Amma baƙin doki ɗaya ba nawa ba ne. Nawa gurgu ne, ina taɓa tebur yake rangaji. Wannan kuwa tsaye yake ƙyam kamar ɗan sanda. Shekara hamsin ina goge masa ƙura, ni za ka yi wa wayo? Ina ka kai shi?

Kakarka, mai sauran ido.

*

Kaka,

Bayan gaisuwa da ladabi. Ban saci komai ba. Masanin ya ce darar ta haura shekara ɗari, aikin hannu ce, kowane ɗa da dalma a cikinsa da koren ƙyalle a gindi. Dokin nan ne kawai jabu: ba nauyi, katakon daban, gezarsa ma kamar da wuƙar kicin aka yi ta. Wani ya cuci Kaka. Shi ya sa na sa miki na asali daga cikin nawa, na ajiye jabun.

Allah ya ƙara lafiya.
Jikanki.

*

Malam masani,

Sannu da ilimi. Da wuƙar kicin ɗin aka yi ta mana, tawa ce ma! Ina amarya kakanka ya fi kallon allon nan a kaina. Ranar da abinci ya huce har sau biyu yana zaune yana tunani, na ɗauke dokin na jefa a murhu. Ya ɗauki muciyata sabuwa, ya yanke ta, ya kwana uku yana sassaƙa, ya shafa baƙin man takalmi. Sannan ya ajiye shi gabana ya ce, “Tunda kin san hanyar doki, zauna ki koya.” Da gurgun nan na fara cinye shi.

Wai ka “ajiye”. A ina? Kalmar nan ba ta kwanta min ba. In kwandon shara kake nufi, faɗa min.

Kakarka.

*

Angona,

Ya iso. Na sansana shi, na girgiza tebur, ya yi rangajinsa. Shi ne. Naka na asalin yana tokare min ƙofar kicin, ya dace da aikin.

Sai dai yanzu farar sarauniya nake zargi, kamar ta rame. Kada ka rubuto bayani. Ka zo da ƙafarka mu buga, in gani.

Kakarka.