Ƙaguwar "Kyauta" da Yayana Ya Ba Surukarmu

Seño Etelvina, malamarmu mai ba da shawara a jarida, don girman Allah ki taimake ni, kwana uku ke nan ina soya wa mutane kifi ni kuwa ko loma ba ta wuce min maƙogwaro. Na canza sunayen kowa, amma sauran duk haka ya faru.

Ni mai rumfar kifi ce a bakin teku. Mijina ya fita kamun kifi wata Asabar bai dawo ba, lokacin 'yata Yuleidis tana da shekara huɗu. Yayana Toyo ne ya kwashe mu ya kai gidansa. Shi ya saya mata takalmin makaranta na farko, shi ya goya ta har asibiti da ta karye a hannu, kuma da bokitinsa na tallar ƙaguwa ta yi karatun jinya. Shekara goma sha tara ke nan. Ba ta ce masa kawu, Baba Toyo take cewa. Yanzu tana aiki a birnin Medellín, can kan tudu nesa da teku, ta sami wani yaro mai hankali, Norbey, kuma ranar Lahadi mai zuwa mahaifiyarsa, Doña Nubia, za ta ci abinci a gidanmu ta nema masa auren. Toyo ne zai amsa a matsayin uba, shi ne kuma zai riƙe hannun yarinyar ya shiga da ita coci.

Kin san yadda Oktoba take mana. Ruwa da safe, ruwa da yamma, teku ya koma kalar ruwan wanki, kujeru duk a kife. Sai ki wuni ba ki ga baƙo biyar ba, mu masu talla kuwa mun fi hamsin. Baƙo ɗaya ya sauko yashi, kafin ya shimfiɗa tawul an yi masa zobe. Ba na kare kowa, ina gaya miki ne kawai.

To ashe Doña Nubia ta riga ta iso tun farkon makon da ya wuce, ita da ƙanwarta, tunda otal ya yi araha, wai su sha iskar teku kafin a gaisa. Babu wanda ya gaya mana. Ranar Alhamis ruwa ya ɗan tsagaita, suka fito. Toyo ya hango 'yan tudu biyu fatarsu ta yi ja, ya ɗingisa ya je da bokitinsa. Na san abin da ya ce, don na ji shi ya fi sau dubu: "Sarauniyata, ɗanɗana mana, wannan kyauta ce!" Ya fasa ƙafar ƙaguwa, ya matsa lemon tsami, ya miƙa wa Doña Nubia. Tana cikin taunawa ya fasa ta biyu, ya fasa ta uku, yana ta zuba mata labari tana dariya. Da aka kai takwas sai ya goge hannu ya ce ta farko ce kyauta, sauran peso dubu tamanin. Abin da a rumfata ko dubu ashirin bai kai ba. Da ta fara gardama, abokansa biyu suka matso suka tsaya a kanta. Tsayawa kawai suka yi. Ta biya.

Ga inda nawa laifin yake, Seño. Ni na dafa ƙaguwar nan. Kuma da yamma ya shigo gida yana fito, da shinkafa da mai da maganin hawan jinina, ya ce, "Ƙanwa, yau wata 'yar tudu ta faɗo min daga sama, har da lemon tsaminta!" Na yi dariya har da hawaye. Na dafa shinkafar muka ci.

Washegari sai ga Norbey ya kawo mahaifiyarsa rumfata mu gaisa. Mata ce mai fara'a, ta rungume ni kamar mun shekara da sanin juna. Na soya mata kifi da agade, na zuba mata shinkafa da kwakwa. Tana ci sai ta fara ba ni labarin wani mugu da ya tsorata ta jiya: mai haƙorin gwal, mai ɗingishi, da shuɗin bokiti. Cokalin hannuna ya faɗa cikin mai. Ta ce ba kuɗin ne ya dame ta ba, ƙafafunta ne suka yi ta rawa har ta koma ɗaki. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Na gode wa Allah da ɗana ya faɗa hannun mutanen kirki, ba irin wancan ba." Da ma mari ta yi min.

Bai ƙare nan ba. Wai baɗi war haka za ta kawo matan cocinsu su ashirin, don haka in koya mata yadda za su kauce wa 'yan damfarar bakin teku, tunda ni 'yar gari ce. Duk dabarar da zan tona, akwai maƙwabcin da yake ci da ita a damina, kuma gobe a gabansu zan kunna wuta.

Na sami Toyo na gaya masa. Ya zauna a kan bokitin, sannan ya ce, "Ke, rabu da ita, ba za ta gane ni ba. 'Yan tudu ba sa kallon fuskar mai talla, bokitin kawai suke gani. In sa farar riga in rufe baki, shi ke nan." Amma na lura tun ranar bai fita talla ba.

Na yi tunanin in tura shi birnin Sincelejo in ce ya je ganin likita. Na yi tunanin in ce masa ya aske gashin baki. Ɗingishin fa, yaya zan yi da shi? Yuleidis ba ta san komai ba, kullum sai ta bugo waya tana tambaya ko Baba Toyo ya gwada rigarsa. Ina tsoron matar nan ta gan shi ta miƙe daga tebur ta ja ɗanta su tafi. Ina kuma jin kunyar ɓoye mutumin da bai taɓa ɓoye mu ba. Me zan yi?

Mai Soyan Kifi

*

'Yar'uwa Mai Soyan Kifi,

Na cire sunan garinku, ko da yake mai haƙorin gwal da ɗingishi da shuɗin bokiti ba na jin sun kai uku a duk gaɓar nan. Ki ajiye maganar Sincelejo da aski. In kin ɓoye shi ranar Lahadi, ina za ki kai shi ranar biki? Ranar baftismar jika fa? Wannan ba baƙuwa ba ce da za ta hau mota ta ɓace, dangi ce za ta zama, kuma macen da ƙafafunta suka yi rawa ba ta mance fuskar da ta sa su rawa.

Ba zan ce miki yayanki shaiɗan ba ne. Na tashi a gidan masunta, na san Oktoba, na san ranar da ake ɗora tukunya don maƙwabta su ga hayaƙi kawai. Mutumin da ya riƙe marainiya har ta zama ma'aikaciyar jinya yana da abin da zai tsaya a kai. Maganarsa kuma akwai gaskiya a ciki, da yawan baƙi ba sa ganin fuskarmu. Sai dai shi ma bai ga fuskarta ba, jakarta ya gani. Da ya tsawwala farashi ya faɗa tun farko, da ciniki ne, ta saya ko ta bari. Abin da ya yi ba ciniki ba ne. Iyayenmu mata da suka yi tallar kifi a ka, duk sun san gyara: ka saya, ka biya, sannan a ƙara maka ɗaya don ka dawo gobe. Toyo ya ɗauko gyarar ya kawo ta gaba, ya mayar da ita ƙugiya. Tsayuwar abokansa kuwa ita ce mafi muni, kuma a kanta ne zai nemi gafara kafin maganar kuɗi.

Ki fara da Yuleidis, yau ɗin nan. Aurenta ne, bai kamata ta zama ta ƙarshen ji ba. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ku biyun, kuma ki gaya mata har da dariyar da kika yi. Ita za ta gaya wa Norbey, shi ya fi kowa sanin ta inda ake shiga mahaifiyarsa. Daga nan, kafin Lahadi, da rana tsaka, ke da Toyo ku je inda ta sauka. Ya faɗa da bakinsa cewa shi ne. Ya mayar mata da abin da ya ɗora, in babu a hannu ku haɗa ku biyu, tunda tare kuka ci shinkafar. Kada ya kawo zancen ruwan sama, ta ga ruwan da idonta. In ta ɗaga murya ku bar ta ta ɗaga, haƙƙinta ne. Ba zan yi miki alkawarin za ta yi dariya nan take ba. Amma matar da ta rungumi mai soyan kifi da warin hayaƙi a jikinta, ba na jin za ta raba ɗanta da yarinyar da yake so saboda laifin da aka zo har ƙofarta aka amsa.

Roƙon da Doña Nubia ta yi saboda matan cocinsu ma ki amsa mata, babu cin amanar kowa a ciki. Ki ce wa matan nan kada komai ya shiga hannunsu ko bakinsu sai sun ji farashi, kuma su tambaya na ɗaya ne ko na faranti. Kifi a nuna musu shi ɗanye a faɗi kuɗinsa kafin ya shiga mai. Kujera da inuwa, na awa ne ko na wuni? Mai tausa in ta kama ƙafa tana cewa gwaji ne, a janye ƙafar da murmushi, ba sai an yi faɗa ba. Kada su biya kuɗin kwalekwalen zuwa tsibiri tun jiya, don a damina safiya ce take faɗin gaskiya: in jar tutar haɗari tana sama babu mai fita, kuma wanda ya karɓi kuɗin jiya ba a cika ganinsa yau ba. Duk wanda ya tare su ya ce wurin da suka nufa ya rufe saboda ruwa, amma ga na ɗan'uwansa, su ƙarasa su gani da idonsu. Su riƙe canji ƙanana. Wanda ya faɗi farashi tsakani da Allah kuma, kada su matse shi har ya rasa riba, su tuna shi ma damina yake ciki.

Ke kuma ki sami allo ki rubuta farashinki da manyan baƙaƙe ki rataye a rumfa. Maƙwabta za su yi gunaguni mako ɗaya. Mata ashirin masu cin abinci sau uku a rana a tsakiyar Oktoba sun fi kowace 'yar tudu da ta taɓa faɗowa daga sama, kuma irinsu in sun ji daɗi da wasu ashirin suke dawowa. In surukarki ta huce, babu wanda ya fi Toyo dacewa ya zaga da su, don babu dabarar da za a yi a gabansa bai gane ba.

Kin ce bai sake fita talla ba. Wannan ba halin wanda ya yarda ba za a gane shi ba ne, kunya ce ta kwantar da shi, yana jiran wanda zai tashe shi. In kun isa ƙofar otal ɗin ƙafarsa ta yi nauyi, kada ki yi masa wa'azi, ki kama hannunsa ki shiga da shi. Ya riƙe ku shekara goma sha tara, riƙon minti biyar ba zai gagare ki ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Doña Nubia, ya sa albarka a auren Yuleidis, ya kawo muku rana da baƙi. Ki ci abinci.

Taki,
Seño Etelvina