Kazar Hadiza da Agogon Baba Sani

Wurno, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar ina zaure ina gyaran agogon da Baba Sani na Tursa ya gada wurin mahaifinsa, sai ɗan sukurunsa, wato ƙaramar kusarsa, ya kuɓuce wa hantsakina ya faɗa cikin rairayi. Kafin in ɗauko mayen ƙarfe, kazar matata Hadiza ta haɗiye shi. Ba a samun irinsa yanzu, ga shi gobe Baba zai zo.

Na ce a yanka ta. Hadiza ta ce, "Malam, mi tay yi maka?"

Na kife kazar da kwando, ina jiran kashinta. Hadiza ta fi ni gaskiya. Hannuna ne ya yi rawa, kuma ba yau ya fara ba.