Gurasar da Na Gatsa

Zuwa ga Ilhom, baban Nigora, inuwar rumfar inabina, ruwan sanyin da nake kurɓa a zuci duk ranar da Tashkent ta ƙona ni! Ina gaishe ka gaisuwar wadda kunya ta hana ta kiran waya.

Ka tuna safiyar da na bar garinmu Margilan zuwa aiki a birnin Tashkent? Ka ciro gurasa da zafinta daga tanderu, ka miƙo mini na gatsa kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi, don ragowar ta jawo shi gida. Ka duba gurbin haƙorana, ka yi dariya ka ce, "Zebo, ko ɓarawo ya sace wannan, wushiryarki za ta tona shi." Ka rataye ta a ƙusa saman masaƙarka. Ni kuma na ce da rumman ya nuna zan dawo in cinye.

Wayyo, sau nawa rumman ya nuna! Nakan zo hutu in gan ta a bango, in kawar da kai, don mu duka mun san ranar da na ci ta, na dawo ke nan. Kai ma ba ka taɓa cewa in ci ba. Me ya sa, rabin raina? Haƙuri ne, ko fushi ne ya sa rigar haƙuri?

Jiya Nigora ta kira ni. Ta ce, "Inna, Baba ya sauke gurasarki, ya naɗe a ƙyalle ya sa a akwati. Na tambaye shi, wai ƙusar ce ta gaji." Ina tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa na asibitinmu ta faɗa mini wannan.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hasken idona: ina son aikin nan. Sai da na haura arba'in aka fara kirana shugabar ungozomomi, aka tambayi ra'ayina a kan abin da ba miya ba. In jariri ya tsala kukan farko a tafin hannuna, nakan ji ni ma an haife ni. Amma ina karɓar 'ya'yan mutane, tawa 'yar ta koyi dafa shinkafa a wurin maƙwabciya, furfurarka kuma ta fito ba a gabana ba. Wannan yana cin raina, wallahi yana ci.

Ban ce ka yafe ba, ban kuma iya cewa gobe zan ajiye aiki ba. Abu ɗaya nake roƙo: mayar da ita bango. In ƙusar ta gaji, kafa sabuwa. Zan iya jure nisa, zan iya jure shirunka, amma ban san yadda mace ke tashi da safe ba in babu inda ake jiranta.

Ranar Juma'a ina tafe. Kafin in dubi fuskarka, bangon zan fara duba.

Taka, yau da gobe har ƙasa ta rufe ido,
mai wushiryar nan,
Zebo