Gauraka Mai Ƙafa Ɗaya

Beijing, Mayu 1966

Yaya Mingyuan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutumin da aka hana ni tambayarsa. Yaya tarinsa? Kawu Teng mai aikin jirgin ƙasa na ba wa wasiƙar nan. Ka karanta ka jefa a murhu.

Yau na tsallake rijiya da baya. Malam Gu, tsohon da ke koya mana waƙoƙin mutanen da, ya sa mu kwafi wata waƙa mai maganar gauraka. Da aka tashi ya tsayar da ni, ya ɗora yatsa kan harafin da ke nufin gauraka, mai zane-zane da yawa.

"Duan Suyin, ina zanen ƙarshe?"

Na ce mantuwa ce.

"Mantuwa a kowane gauraka? 'Yata, ni na koya muku cewa mutanen da ba sa cika harafin sunan mahaifinsu, sai su bar zane ɗaya don girmamawa. Sunan babanki He ne, wato Gauraka, ko ba haka ba?"

Ka san a gaban kowa na sa hannu cewa na yanke hulɗa da Baba, tun da aka kira shi maƙiyin jama'a, kuma da wannan nake zaune a jami'a. Ban ma san hannuna yana yi ba. Marigayiya Inna ce ta koya mini tun ina kama alƙalami da hannu biyu. Malam ya yaga takardar, ya ce in koya wa hannuna ƙarya.

Abin da ke cin raina, Bai Lifen, wadda gadonta ke saman nawa, ita ta fi kowa gane wannan darasi na barin zane.

Ƙanwarka mai girmama ka,
Suyin

Yangzhou, Yuni

Ke Suyin,

Muna gaishe ki. Tarin yana nan, shi ma yana nan.

Haba Malama! An tura ki birni ki yi wayo, kin je kina yanke wa tsuntsaye ƙafa. Ni da nake juya ƙarfe a masana'anta ban san zane nawa ke cikin sunana ba, kuma ina barci lafiya. Ki cika harafin mana. Tawada ce ta ƙare?

Ki bar ganin ina wasa. Nan an ƙone littattafan makarantar da Baba ya koyar, an aske wa shugabanta rabin kai. Gemun ɗan'uwanki ya kama wuta. Ita kuma Lifen, ki ba ta rabin burodinki, amma kada ki ba ta rabin magana.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Beijing, Yuli

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe shi.

An daina karatu. Jiya aka hau da Malam Gu kan tebur da doguwar hular takarda, aka ce ya karanto waƙar da ya fi so don a ji gubar da yake ba mu. Ya karanta kuwa, a hankali, kamar yana aji. Lifen ce ta fara marinsa. Na tsaya na ɗaga hannu tare da kowa. Na tsani kaina, Yaya.

Da muka koma ɗaki ta leƙo daga gadonta tana murmushi. "Suyin, duk ajinmu babu mai kyan rubutunki. Kwamitin juyin juya hali ya ce 'ya'yan irin su babanki kowa ya rubuta takardar la'antar ubansa, a manna a bangon ɗakin cin abinci. Sunan da manyan baƙi, yadda na nesa zai gani. Ni zan riƙe miki tawada."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na cika, na zauna. In na bar zanen, ƙauyen horo ne a kan iyaka, kuma ka san ba kowa ke dawowa ba. Na gwada a kan tsohuwar jarida. Ina cika shi sarai, amma sai in ji kamar na ɗora wa Baba ƙafa a wuya.

Ka faɗa mini abin yi.
Suyin

Yangzhou, Yuli

Suyin,

Gaisuwa. Yau babu tsokana.

Na karanta wa Baba. Ya ce in rubuta haka, kada in canza ko kalma: "Barin zanen ladabi ne, amma bin umarnin uba ya fi shi. Na umarce ki ki cika sunana, ki zage ni da kyakkyawan rubutu, ki zauna ki ƙare karatunki. Wata rana za a nemi wanda ya san waƙoƙin nan."

Kin ji. Kawu Teng yana kwance da zazzaɓi, sai ya miƙe zai kawo miki. Ina fata za ki jira shi, don darajar Inna.

Yayanki

Beijing, Agusta

Yaya,

Ina gaishe ku. Wasiƙarka ta iso yau da safe. Takardar tana bango tun shekaranjiya.

Duk zagin da suke so na rubuta, babu wanda na rage. Lifen ta tsaya gaban sunan tana bin zanen da yatsa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. An ce in ɗaure bargona, mota za ta zo.

Kada ka ƙara rubutowa nan. Ka roƙar mini Baba gafara, ban ji umarninsa da wuri ba. Ka ce masa gaurakansa yana bango, tsaye da ƙafa ɗaya, yadda gauraki suka saba.

Ku zauna lafiya.
'Yarsa,
Suyin