Toka da Karen Mai Walda

Litinin, 3 ga Maris
Karen maƙwabcinmu mai walda ya tsinke sarƙa ya faɗo mana tsakar gida ina cikin shanya. Kafin in ajiye bokiti ya cafke kyanwata Toka, yana girgiza ta kamar tsumma. Na rarumi ƙarfen da muke tokare ƙofa na maka masa a baki. Na ƙara. Na ji ƙas! Sai da haƙorinsa ya faɗi ƙasa ya sake ta. Hanjinta a waje. Na naɗe ta a jiƙaƙƙen zani, sai asibitin dabbobi.

Likita ta yi mata allurar barci, ta aske cikin. "Baiwar Allah, fita ki jira." Na ƙi. A gabana ta yanke inda hanjin ya yage, ta ɗinke sauran, ta mayar ciki. Ƙarnin jini da warin magani. Na yi amai a kwandon shararsu.

Talata, 4 ga Maris
Ta farfaɗo. An maƙala mata wani abu kamar mazurari a wuya don kada ta lashi ɗinkin. Ta cije ni a yatsa. Alhamdulillahi, gawa ba ta cizo.

Laraba, 5 ga Maris
Mai walda ya zo ƙofa yana kumfar baki, wai na karya wa karensa muƙamuƙi. Na ce da kan na samu, da shi zan fasa. Maigida ya janye ni: "Ke! So kike mu ƙare a hannun 'yan sanda?"
Na yi tunanin maganin ɓera a cikin tsoka. Allah ya sani na yi.

Asabar, 8 ga Maris
Ranar wankin ciwo. Na tarar da mai walda a bencin asibiti, karen a cinyarsa, an ɗaure bakin da waya, yawu na dalala da jini. Da sirinji yake ɗura masa ruwa. Ƙaton mutum, yana shafa kan karen. Ban gaishe shi ba.

Talata, 11 ga Maris
Unguwa tsit, ba haushi. Ai haka nake so.

Lahadi, 16 ga Maris
An cire zare. Toka ta haye taga da kanta.
Na dafa mata ƙashi, romon ya yi yawa. Na tace shi sosai yadda zai bi sirinji, na ɗora kwanon a kan katangarmu da mai walda, na ƙwanƙwasa, na koma ɗaki da sauri.
Don kada ya lalace ne kawai.