Inhelar Affan

Edmonton, Litinin

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara.

Na rubuto ne don in na kira ki a waya zan faɗi abin da zan yi nadama. Jiya aka sallamo ɗana Affan, kwanansa uku a asibiti. A filin wasan makaranta asmarsa ta tashi, numfashi ya sarƙe har leɓɓansa suka canja launi.

Likita ta tambaye ni ko yana shaƙar inhela mai ruwan ƙasa safe da yamma, wadda ke hana ciwon tashi. Na rantse mata yana shaƙa. Sai ta duba wadda nake sa masa a jaka duk kwanakin da yake wurinki saboda aikina. Wata huɗu, ba a taɓa ta ba. Affan ya sunkuyar da kai, ya ce da Turanci, "Anti ta ce kada in gaya miki."

Shekararsa shida, Yaya. Me ya sa?

Ƙanwarki,
Ummukulthum

Tottenham, Laraba

Ummu,

Wa'alaikumus salam. Ya jikin yarona? Allah Ya ƙara sauƙi. Wallahi tun da na ji ban ci abincin kirki ba.

Ban yi don in cutar da shi ba. Matan unguwarmu suna ta cewa maganin nan yana hana yaro tsawo, kuma in ya saba ba ya rabuwa da shi. Zuma da habbatussauda nake ba shi, ina kuma ganin kamar ya samu sauƙi.

Amma kada ki ɗora min ni kaɗai. Mijinki Lawal ne ya fara kawo maganar. Shi ya ce in ɓoye miki, wai ke in ba likita ya faɗa ba, ba kya saurarar kowa.

Ki yafe min. Zan zo Asabar in duba shi.

Yayarki,
Hansai

Edmonton, Juma'a

Yaya,

Salam. Na tambayi Lawal, bai musa ba. Yana tsaye kusa da ni sa'ad da nake rantse wa likita, bai ce uffan ba.

Na rage kwanakin aiki, ni zan riƙa ba Affan maganin da hannuna. Yau da safe Affan ya toshe bakinsa, ya ce Baba da Anti sun ce maganin ba shi da kyau. Da ƙyar na lallashe shi ya shaƙa. Da ya gama, sai ya tambaye ni wane ne a cikinmu yake masa ƙarya.

Kada ki zo Asabar.

Ki huta lafiya,
Ummukulthum