A tsayar da garin kununmu kafin ya kai bakin yara

Zuwa ga Mai girma Babban Darakta na kasuwar intanet da ke ajiye mana kaya a Yamai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Na bi duk hanyoyin da kuka tanadar wa masu sayarwa irinmu ban dace ba, abin da ke tafe da ni kuwa ba ya jira.

Sunana Zainabu, malamar kimiyyar halittu ce ni a wata kwaleji nan Dakoro. In an tashi daga lakwal, wato makaranta, nakan zauna da wasu tsofaffin ɗalibaina, samari da ƴan mata, waɗanda karatu ya tsaya musu a hanya. Muna haɗa garin kunun yaye na gero da wake da gyaɗa. Mu soya, mu niƙa, mu tankaɗe, mu ɗura a sashe, wato ƙananan ledoji, mu manna masa suna Kunun Tarka. Ni na kawo musu labarin kasuwarku, ni na buɗe mana shago a cikinta. Mu dai namu mu ɗora kwalaye a mota, ku kuma ku ajiye a mangazarku, wato ɗakin ajiyar kayanku, in an saya ku ƙunshe ku kai har ƙofar mai saye. Ba zan ɓoye alherinku ba. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar Kornaka ba ta ga an sayi garin da ta tankaɗe da hannunta daga Agadas, ta yini tana nuna wa maƙwabta salularta. Ni na ce musu su amince da ku. Yau da tsoro nake rubuto maka.

Ga yadda abin ya faru. Kowane ɗayansu yakan kawo nasa kason hatsi daga gida. Lawali, saurayi mai natsuwa da ke kula mana da suya, daga wani ƙauye kusa da Birnin Lalle yake. Mahaifinsa, Malam Agali, ya saba ajiye irin waken shukarsa a bidon mai, wato jarka, ya barbaɗa maganin ƙwari, ya liƙe bakin da laka. Kowa a gidan ya san abin da ke cikin bido ba na ci ba ne. To bana rijiyar ƙauyensu ta ƙafe tun da wuri, bidoji duk suka koma ɗibar ruwa a amalanke. Sai dattijon ya juye irin a buhu, ya ɗaure bakin da jan tsumma, ya yi arewa da dabbobi, ya manta bai gaya wa kowa ba. Da kason Lawali ya zo, mahaifiyarsa ta ce ya ɗauki buhu ɗaya a ɗaki, ya ɗauko wannan. Ƴan matan sun ga ƙura fara-fara a jikin waken, amma a nan wace mace ce ba ta cuɗa wakenta da toka don kada ya huje? Suka ɗauka toka ce, suka bakace, aka soya. Ni ina aji ranar. Ɗaya daga cikinsu ta yi kukan ciwon kai, muka ɗora wa hayaƙi.

Sai da ruwan shuka ya sauka Malam Agali ya dawo, ya nemi buhunsa mai jan tsumma bai gani ba. Da aka gaya masa inda ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba, ya hau babur ya zo har ƙofar lakwal da ragowar ledar maganin a aljihu. Na karanta abin da ke jikin ledar, na ga guba ce. Na kai wa likita. Ya ce ba wanda zai ba ni tabbacin bakace da suya sun kashe ƙarfin maganin, kada a ba kowa garin, balle yaron da ake yayewa. Kuskuren namu ne, ba na ɗora shi a kanku. Abin da ya biyo baya shi ne ƙorafina.

Na ɗaya. Sashe ɗari da ashirin muka aiko muku daga wannan haɗi. Nan take na shiga shagonmu na danna inda aka ce a janye kaya. Sai na gane sabon ciniki kawai wannan dannawa take tsayarwa. Duk abin da aka riga aka saya, mangazarku na ci gaba da ƙunshe shi tana ba masu babura. Ina zaune a Dakoro, salula a hannu, ina kallon sashe na fita ɗaya bayan ɗaya, ba ni da ikon taɓa ko guda. Zuwa yanzu talatin da ɗaya sun fita.

Na biyu. Wurin da kuka ware don bayyana dalilin janye kaya ya lissafa fashewar leda, da kuskuren suna, da wucewar lokaci. Babu inda mai kaya zai ce kayana na iya cutar da mutum. Na zaɓi "wani dalili daban" na rubuta komai, aka ba ni lamba aka ce in jira cikin ranakun aiki. Na kira. Yarinyar da ta ɗauka ta saurare ni da ladabi, na ji muryarta ta canza da ta gane maganar yara ake yi, amma ta ce ita ba ta da hanyar magana da mangaza sai ta wannan lambar da aka ba ni. Ban ga laifinta ba. Tsarin da kuka ba ta ne bai san akwai rana irin wannan ba.

Na uku, kuma shi ya fi hana ni sukuni. Ba mu san waɗanda suka saya ba. Kun ɓoye sunayensu da lambobinsu, kun ce sirrinsu ne, kuma na yarda da hujjarku. Amma ranka ya daɗe, da a kasuwar Dakoro muka sayar da garin nan, da kafin la'asar mun gama. Kowace yarinya ta san matar da ta saya a hannunta, ta san unguwarsu ko rugarsu. Da mun ba mai shela, da mun kai sanarwa gidan rediyo, da Lawali ya bi gida-gida a kan babur. Ɗan abin da muka sayar a nan haka muka karɓo shi, har wanda aka fara amfani da shi, kuma alhamdu lillahi ba mu ji yaron da ya kwanta ba. Ku kuka tsaya tsakaninmu da masu sayenmu. Tun da ku kaɗai ke ganinsu, ku kaɗai za ku iya gargaɗinsu. Ma'aikatan lafiya na nan sun karɓi bayanina hannu biyu, sun ɗauki samfur, amma su ma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba sai kun nuna.

Na huɗu. Na koma na karanta yarjejeniyarmu da ku, na tarar da abin da ban kula da shi ba ranar da na sa hannu cikin ɗoki. Kayan da aka janye, in mai su bai kwashe cikin wa'adinku ba, kuna da damar haɗa su ku sayar wa ƴan sari da araha don mangaza ta samu fili. Wato sauran sashe tamanin da tara na iya ƙarewa a kan teburin wani ɗan kasuwa, a juye su a kwano ana aunawa da ludayi, ba suna ba alama. In haka ta faru, ba ni ba ku, ba mai iya bin sawunsu. Na aiki ɗan'uwana da ke Yamai ya kwaso, aka ce ba a sakin kaya sai an rufe ƙorafin da na buɗe. Ƙorafin kuwa yana nan yana jiran ranakun aiki.

Kafin in rubuta wannan na tara yaran na gaya musu gaskiya, cewa in wasiƙar ta fita da sunan garinmu a ciki, da wuya wata uwa ta sake saya, aikin da suka sha wuya a kansa zai iya mutuwa. Lawali, wanda tun ranar bai iya haɗa ido da ni ba, shi ya fara cewa a sa sunan, a sa nasa ma in zai sa a gaskata mu. Sauran suka bi. Na koyar da su abubuwa da yawa a allo, wannan ba ni na koya musu ba.

Don haka nake roƙonka, don Allah, ka ba da umarni yau a tsayar da duk sashen Kunun Tarka da ke mangazarku ko a hannun masu babura. A ware shi, kada a sayar wa kowa, a miƙa wa hukumar lafiya ta lalata. Ku kira masu sayen nan da baki, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, kada ku tsaya ga saƙon da mutum zai gani bayan mako. Ba na neman lambar kowa. Sannan ku buɗe layi ɗaya da mai kaya zai kira in ya gano haɗari a kayansa, wanda zai kai ga mai iya tsayar da mangaza, don ba mu ne za mu zama na ƙarshe da za su yi kuskure ba.

Ke kuma ƴar'uwa da ke karanta wannan, in kina da garinmu a gida, wanda aka rubuta watan Mayu da biro a bayan ledar, kada ki ƙara dama kunu da shi. Kada ki zuba wa kaji ko awaki. In yaro ya sha kuma kin ga amai, ko dalalar yawu, ko rawar jiki, ki kai shi asibiti nan da nan, ki tafi da ledar. Ki yafe mana.

Ranka ya daɗe, da safiyar yau wani sabon yabo ya bayyana a shagonmu, taurari biyar. Wata baiwar Allah ce daga Damagaram, harafin farko na sunanta kawai kuka nuna mana. Ta rubuta cewa ɗiyarta da ke ƙin kowane kunu ta karɓi namu, har tana riƙe cokali ba ta son a ɗauke, kuma za ta riƙa ba ta safe da yamma. Na rubuta mata gargaɗi a ƙarƙashin yabon, aka ce amsata na jiran tantancewa. Lambar matar nan tana cikin na'urarku yanzu haka. Kafin ka kira taro, kafin ka nemi lauya, ka sa a kira ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare maka zuriyarka, ya sa wannan takarda ta riske ka kafin a ɗora tukunyar yamma a gidan nan na Damagaram.

Wassalam.

Malama Zainabu,
a madadin matasan Kunun Tarka,
Dakoro, jihar Maraɗi.